Sawu a Kan Noti

Kafin a aika a kira Mai Sawu, layin gareji ya riga ya gama shari'arsa. An gano ɓarawo, an yi masa jina-jina, an kulle shi a ɗakin ajiye tayoyi. Abin da ya rage kawai shi ne a samo kayan da ya sata. Haka mutanen layin suke, ba su san ɓata lokaci ba, sai fa idan motarka ce ka kawo musu gyara.

Abin da aka sace turbo ne, wani dunƙulen ƙarfe mai siffar katantanwa, girmansa bai fi kan mutum ba, aikinsa ya hura wa inji iska ya ninka masa ƙarfi. Wata uku aka yi ana jiransa daga ƙasar waje. Mai Gareji, matar da ta ci gaba da riƙe wurin bayan rasuwar mijinta, ta sa aka ɗaura shi a farar motar tseren da 'yarta za ta tuƙa ranar Asabar. A shekarar da kamfanin harhaɗa motoci na garin ya rufe ƙofa, shafin labarin motoci na jarida kuma ba ya kawo komai sai masu aiki da lantarki, waɗanda ba su shan mai ba su neman makanike, wannan farar mota ce kaɗai abin da layin ke ɗaga kai da shi. Ranar Litinin da safe aka ɗaga murfin inji, aka tarar da gurbi.

Mai Sawu ya iso wajen ƙarfe tara, yana tafe a hankali, idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu harbin namun da aka hana harbi. Bai daɗe da barin aiki ba matarsa ta rasu, sai ƙanensa ya ɗauko shi ya ba shi ɗaki a gidansa. Ƙanen nan shi ne Babban Makaniken wannan gareji, mutumin da duk layin ke rusuna wa. A bakin yayansa kuwa har yanzu Auta ne, ko da yake furfura ta cinye masa kai.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Mai Gareji. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa. "Ba dogon aiki ba ne. Mai Fenti ne. An ga sawunsa a bayan gareji, an fasa kwaɗon ƙofar baya, kuma kowa ya san ya taɓa zaman gidan yari a kan satar mota. Ni ce na rufe ido na ɗauke shi aiki. Ka gano min inda ya kai kayan. Ƙarfe huɗu zan kira 'yan sanda, da kaya ko babu."

"Ranki ya daɗe, ni sawu nake bi," in ji shi. "Inda ya kai ni, nan zan tsaya."

Ya leƙa cikin injin. Inda turbon yake a da, bakunan bututu uku ne suka rage, kowanne an toshe shi da farin tsumma mai tsabta, an murɗe, an ɗaure da siririyar waya. Ya ɗan yi murmushi. Aikin Auta ne wannan. Ko gini ke faɗowa a kansa, Auta ba zai bar bakin inji a buɗe ƙura ta shiga ba.

Shi Autan yana tsaye gefe, hannuwansa a aljihun rigar aiki, fuskarsa kamar ta mai zaman makoki.

"Yaya, ka ga abin da ya same mu," ya ce.

"Na gani. Ka je ka zauna, ka ga yadda ka koma kuwa?"

*

A bakin ɗakin tayoyi wata mata ke zaune a kan bulo, da tsohon ciki, ta rungume kwanon abincin da aka hana ta miƙawa ciki. Matar Mai Fenti ce. Ba ta kuka, ba ta roƙon kowa, kuma wannan ya fi kukan damun masu wucewa.

A ciki, Mai Fenti na jingine da tarin tayoyi. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓensa ya tsage.

"Jiya ka zo nan?" Mai Sawu ya tambaya, ya tsuguna a gabansa.

"Na zo, Baba, bayan ruwan la'asar. Ranar Asabar na fesa wa ƙofofin motar lambar tsere. Kwanon rufin can yana yoyo. Na ce in ɗigo ya sauka a kan ɗanyen fenti, aikin kwana uku ya tashi a banza. Na zagaya na leƙa ta tagar baya, na ga ba ɗigo, na juya."

"Kwaɗon ƙofar fa?"

"Yana nan garau lokacin."

"Me ya hana ka gaya musu haka?"

Mai Fenti ya so ya yi dariya, leɓen ya hana shi. "Na gaya musu mana. Tsakanin mari na biyu da na uku na gaya musu." Ya kalli ƙofa. "Baba, wancan karon ni na yi, ban musa ba, shekara uku na ci. Wannan karon in suka mayar da ni, alƙali tsohuwar takarda kawai zai buɗe. Ɗan da ke cikin matar can sai ya yi wayo bai san fuskar ubansa ba."

Mai Sawu bai yi masa alkawarin komai ba, domin ba ɗabi'arsa ba ce. Takalminsa ɗaya kawai ya ce ya cire ya ba shi. Da zai fita ya karɓi kwanon daga hannun matar, ya miƙa ciki, ya zuba wa mai tsaron ƙofar ido har sai da ya sunkuyar da kai.

*

Bayan gareji lungu ne mai jar laka, ruwan jiya ya lailaye shi sumul. Allah ya sa 'yar Mai Gareji ta yi hankali, ta gitta igiya tun da safe, ba a tattake wurin ba. Mai Sawu ya daɗe a tsugune, mutanen layin sun yi cirko-cirko a bayan igiya suna jiran ya nuna musu ramin da aka binne kaya.

Sawu ɗaya ne rak, kuma takalmin ya zauna a cikinsa daram. Ya taho har gindin taga, ya yi ɗage a kan 'yan yatsu, ya juya ya koma.

"Kun gani ko!" in ji Mai Walda, wanda tun safe muryarsa ta fi ta kowa, hannunsa ma haka.

"Zo nan," in ji Mai Sawu. "Ɗauki tsohon batirin can, ka taka min nan gefe."

Mai Walda ya ɗauka yana ƙunƙuni, ya yi taku biyar. Mai Sawu ya nuna da tsinke. Diddigensa ya nutse, takunsa ya gajarce, ƙafar dama ta fi ta hagu zurfi. Sannan ya nuna na Mai Fenti: zuwa da komawa duk zurfinsu ɗaya.

"Wannan mutumin hannu rabbana ya zo, hannu rabbana ya koma. Ko kwanon fenti bai ɗauka ba."

Mai Walda ya ajiye batirin. Amma layin da ya riga ya daki mutum ba ya son a ce masa ya yi kuskure.

"To ai leƙen asiri ya zo yi," in ji Mai Walda. "Daga baya ya dawo ta kan dakali."

Gaskiya ne, akwai siririn dakalin siminti da ya zagaye ginin tun daga gaba har ƙofar baya, kuma siminti ba ya riƙe sawu. Wanda ya fasa kwaɗon ta nan ya bi. Mai Sawu bai yi kame-kame ba. Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ji wani daga baya yana cewa, "A je shagon Ɗan Gwanjo. Ranar Juma'a ya zo yana shafa turbon kamar angon da aka kai wa amarya. Can Mai Fenti ya kai masa."

*

Shagon Ɗan Gwanjo na tsallaken titi, cike da tsofaffin fitilu da gilasai da ƙafafun mota har rufi, hanyar shiga sai an bi a karkace. Shi kansa Ɗan Gwanjo ƙato ne mai tumbi, yadda yake shiga shagon ma abin bincike ne.

"Turbo?" ya ce, yana fifita da kwali. "Ina da guda ɗaya. Ga shi can sama. Shekara biyu yana kallona ina kallonsa."

Mai Sawu ya taka akwati ya ɗago shi. A ƙarƙashinsa katako ya fito fes, zagaye da ƙura mai kaurin yatsa. A cikin bakinsa gizo-gizo ya yi saƙa, ya hayayyafa, har jikoki. Ya mayar da shi inda yake.

"An ce ka shafa nasu ranar Juma'a."

"Na shafa! Laifi ne? Rabon da in ga sabon abu a layin nan har na manta. Kullum mushen ƙarfe." Ya rage murya. "Baba, kai mai hankali ne. Wancan turbon an ƙera shi ne daidai da inji ɗaya, kuma a duk garin nan mota ɗaya ce ke da injin. In na sace shi wa zan sayar wa? Ita Mai Garejin? Ɓarawon da ya san ƙarfe ba zai taɓa shi ba, wanda bai sani ba kuma ba zai iya kwance shi ba. Ka je ka tambayi 'yar jaridar da ta baza hotonsa a duniya, wataƙila ita ta san wanda ta kwaɗaitar."

Mai Sawu ya fito yana juya maganar a ransa. Surutun Ɗan Gwanjo yawanci iska ne, amma yau akwai tsakuwa a ciki. Rana ta riga ta take tsaka, kuma ƙarfe huɗu ba ta jiran kowa.

*

Ya sami 'yar jaridar a ofishin Mai Gareji, ɗan ƙaramin ɗaki mai fanka mai kuka da kalandar bara a bango. Tare da ita akwai 'yar Mai Gareji, direbar farar motar, ta kifa kai a kan tebur.

"Ni ban kwaɗaitar da kowa ba, Baba," in ji 'yar jaridar. "Shekara guda ke nan ba abin da nake rubutawa a shafin motoci sai ta'aziyya. An rufe nan, an sallami ma'aikata can. Na ga abu ɗaya mai rai na ce bari in rubuta. Yau ma ƙarfe bakwai na zo, don in ɗauke ta hoto a jikin injin kafin gareji ya cika."

"Ke nan a gabanki aka ɗaga murfin?"

"A gabana. Ita ta ɗaga, ni kuma yatsana na kan maɓallin kyamara. Hoton da na ɗauka ba na murmushi ba ne."

Ta juyo masa kyamarar. Ga direbar, hannunta ɗaya riƙe da murfin, bakinta a buɗe. Ga gurbin turbo. Ga bututu uku, kowanne da farin tsumma a bakinsa.

Mai Sawu ya matso da idonsa. Ya ja da baya. Ya sake matsowa.

"'Yata," ya ce wa direbar, "wa ya toshe bututun nan?"

Ta ɗago kai. "Haka na same su, Baba."

"Ba Kawunki Babban Makanike ba ne, da ya iso?"

"Kawu bai iso ba sai takwas saura, lokacin har an fara dukan Mai Fenti. Shi ne ma ya janye su daga kansa. Me ya faru?"

"Ba komai," in ji shi. "Hoton ya fito da kyau."

Ya fita. Bai taɓa jin tsoron abin da idonsa ya gani ba sai ranar.

*

Gareji ya yi shiru, ma'aikata sun fita neman abin kai wa baka. Ya ari tocila ya koma kan injin. Wannan karon ba tsumman ya duba ba. Notunan da aka kwance ya nema, ya same su a cikin murfin gwangwani a ƙarƙashin mota, guda takwas, an jera su an goge. Ɓarawo ba ya goge noti.

Ya ɗauki ɗaya ya haska. Gefunansa duk sun ƙarce. Ba irin ƙarcewar mai gaggawa ba ce, wadda kan zo doguwa guda ɗaya. Ƙananan zane ne birjik, gajeru-gajeru, kusa da kusa, kamar sawun kaza a kan yashi. Ya haska jikin injin, kewaye da kowace ƙusa, haka abin yake. Sifana ta zo za ta zauna, ta goce, ta dawo, ta goce. Hannun da ya riƙe ta ya san aikinsa sarai, amma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Ya san wannan sawun. Mahaifinsu maƙeri ne, kuma a shekarunsa na ƙarshe duk abin da ya fito daga maƙerarsa da irin wannan zanen yake fitowa. Har ranar da guduma ta kuɓuce masa a gaban masu sayayya, ya shiga ɗaki bai ƙara fitowa kasuwa ba.

Sai abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Wata biyar ke nan Auta ya daina cin abinci tare da shi, wai likita ya canza masa cima. Shayinsa a ɗaki yake sha. Mutumin da tun yana saurayi shi ke yi wa kansa aski, yanzu wurin wanzami yake zuwa. Kunya ta rufe Mai Sawu. Shi da ke karanta sawun kwana uku a kan dutse, ƙanensa na tsallaken tsakar gida bai karanta shi ba.

*

Ɗakin kayan aiki na can ƙuryar gareji, ba taga, sai ƙwan lantarki ɗaya. Sifanu na rataye a bango, kowacce a kan zanenta. Auta na zaune a kan benci, gefen doguwar akwatinsa ta ƙarfe. An bincike ko'ina a garejin tun safe, har cikin tankin ruwa, amma ba wanda ya yi gigin cewa Babban Makanike ya buɗe akwatinsa.

Mai Sawu ya tura ƙofa ya rufe. Ya ajiye notin a kan benci.

"Fito da hannunka, Auta."

"Yaya..."

"Fito da shi."

Ya fito da su. Na dama yana kaɗawa kamar ganye, na hagu na bin sa a hankali. Suka zuba musu ido su biyu, kamar wani baƙo ne ya shigo ɗakin.

"Ranar Juma'a ne," in ji Auta, muryarsa can ƙasa. "Ina ɗaure bututun mai, sifana ta kuɓuce ta daki wuyan turbon. Ya tsage, Yaya. Tsaga kamar gashi, ba mai gani sai ni. Amma in 'yar Mai Gareji ta taka motar nan sosai, ƙarfen zai yi ja, mai zai tsiyayo a kansa. Wuta ce, kuma tana ɗaure da bel a ciki. Yarinyar da na goya a garejin nan."

"Sai ka faɗa."

"In ce me? In ce na fasa abin da aka yi wata uku ana jira? Za su ce yaya aka yi. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa goce noti ba. Za su kalli hannuna." Ya kalli notin. "Na ce in an sace shi, an sace shi. Ba tsere, ba wuta, ba tambaya. Wallahi ban san Mai Fenti ya zo jiya ba. Da na iso na ga suna dukansa, ni na hana su kashe shi."

"Ka hana. Amma bakinka bai buɗe ba."

"Ka ce sawu ya ɓace, Yaya. Kalma biyu ce. In ba kaya, 'yan sanda za su sake shi."

"Mai tsohuwar takarda? Ga sawunsa a gindin taga, ga layi guda na shaida? Kai ma ka san ba za su sake shi ba."

Auta ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "Ka tuna Babanmu. Ka tuna yadda yara suka riƙa kwaikwayonsa a titi. Haka kake so in ƙare? Ni da na ɗauko ka lokacin da ba ka da kowa?" Yana faɗa ya yi da-na-sani, ya kau da kai. Amma magana ta riga ta fita, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi.

Mai Sawu ya ɗauki notin ya juya shi a tafin hannunsa. Yana son ƙanen nan nasa fiye da duk abin da ya rage masa a duniya, kuma ya san ba zai iya yi masa abin da ya roƙa ba.

"Zan tara su ƙarfe huɗu saura kwata," ya ce. "Zan yi magana a hankali, in ja ta iyakar iyawata. Ka karɓe ta daga bakina, Auta. In daga naka bakin ta fito, za ka fita da mutuncinka. Ina roƙon ka."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya mayar da hannuwansa aljihu.

*

Suka taru kewaye da farar motar: Mai Gareji da 'yarta, 'yar jarida, Ɗan Gwanjo, Mai Walda da 'yan korensa. Aka fito da Mai Fenti yana ɗingishi, matarsa ta tsaya a bayansa. Babban Makanike ya tsaya wurin da ya saba, kusa da fitilar dama.

Mai Sawu ya fara da lakar bayan gareji, ya bi ta dalla-dalla. Ya koma kan gizo-gizon Ɗan Gwanjo, har wasu suka yi dariya. Ya tsaya, ya yi tari, ya kalli ƙanensa. Shiru.

Ya sa 'yar jarida ta nuna hoton, aka zagaya da shi hannu zuwa hannu. "Ƙarfe bakwai aka ɗauka," ya ce. "Wanda ya kwance turbon shi ya toshe bututun. Ku masu sana'a ne. A cikinku wa ya taɓa ganin ɓarawon da ya ji tausayin inji?"

Mai Walda ya kalli tsumman, ya kalli yadda aka murɗa wayar, bakinsa ya mutu. Kowa a layin ya san ɗaurin, domin rabinsu a hannun mai shi suka koya.

Mai Sawu ya sake tsayawa. Ya ƙirga numfashi goma. Ya ƙara goma. Auta na kallon ƙasa.

"Baba, lokaci na tafiya," in ji Mai Gareji, wayarta a hannu.

"Turbon bai bar garejin nan ba," in ji Mai Sawu, kuma bai gane muryarsa ba. "Yana cikin akwatin Babban Makanike. Ƙanena ne ya cire shi."

Aka ɗauko akwatin. Ga shi nan a ƙasa, an naɗe shi da tsumma mai mai. Mai Sawu ya nuna musu tsagar, ya faɗi abin da za ta jawo ranar Asabar, ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji cewa an ceci rai. Amma tambayar da Auta ke gudu ta zo, kuma daga bakin da ya fi tsoro.

"Kawu," in ji direbar, hawaye na zuba, "kai ka fasa? Kai? Ta yaya?"

A hankali ya zaro hannuwansa ya miƙa su a tsakiyar taro. Wasu suka kau da kai. Ɗan Gwanjo, da ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya cire hula ya riƙe.

Mai Gareji ta mayar da wayarta jaka. "Da ka gaya min, da na zaunar da kai kana nunawa ana ɗaurewa har ƙarshen ranka," ta ce. "Hannu ba laifinka ba ne. Amma ka tsaya tun safe kana kallon matar nan a kan bulo."

Babban Makanike ya gyaɗa kai. Ya ajiye mabuɗinsa a kan murfin mota, ya kai hannu wuyan rigar aikinsa, mai sunan gareji a ƙirji, zai cire ya bar musu. Maɓalli na farko ya ƙi. Yatsunsa suka kama, suka saki, suka sake kamawa. Mutum ashirin na tsaye ba mai motsi.

Mai Sawu ya taka zai taimaka masa.

"Kada ka taɓa ni, Yaya."

Ya tsaya inda yake, hannunsa a miƙe.

Mai Fenti ne ya ɗingiso ya zo gaban Auta. Da ido ɗayan da ya rage masa a buɗe ya nemo maɓallin. "Tsaya cak, Baba," ya ce, ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya zare rigar daga kafaɗunsa, ya ninke ta, ya ɗora kusa da mabuɗin.

Auta ya fita da 'yar singileti. Ya wuce ta gaban yayansa, kafaɗa na gogar kafaɗa, bai dube shi ba.

Taro ya watse ba hayaniya, kowa na neman abin da zai duba ban da fuskar Mai Fenti. Matarsa ce ta zo wurin Mai Sawu, da ƙyar ta rusuna saboda cikin.

"Baba, ka dawo min da mijina," ta ce. "Yadda ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka da na zuri'arku baki ɗaya."

Mai Sawu ya buɗe baki zai ce amin, ta ƙi fitowa.